Shawara: Kafin ka zuba kuɗin sallamarka a kan sunan wani kamfani

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni Bahaushe ne haifaffen Makka, ɗan ƙasa, ina zaune a Rusaifa da iyalina. Na bar aikin otal bayan shekaru masu yawa, kuma kuɗin sallamar da aka ba ni haɗe da ɗan abin da na tara sun kai riyal 150,000. Na ga tallar wani kamfanin gahawa a Snapchat yana ba da imtiyazi, wato mutum ya buɗe kanti da sunansu da tsarinsu, a kan riyal 45,000 kacal. Na je ofishinsu a Jidda, suka ce yarjejeniyar ta shekara biyar ce, za su riƙa karɓar kashi 6 cikin 100 na ciniki da kashi 2 na talla, gahawa da kofuna a wurinsu zan riƙa saya, kuma jarina zai dawo cikin shekara ɗaya da rabi. Sun ce in ba da kafin alƙalami na riyal 10,000 a wannan makon don kada wani ya riga ni wurin. Mijin ƙanwata, wanda yake zaune da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ya ce zai ƙara riyal 50,000, shi ya tsaya a kantin, a yi takardu da sunana, mu raba riba. Maiɗakina ba ta so. Shin in shiga, ko akwai wani imtiyazi mai araha da ya fi wannan?

Baban Hafsa, Makka

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Baban Hafsa. Allah Ya sanya albarka a abin da ka tara. Kada ka ba da riyal 10,000 ɗin nan a wannan makon, kuma kada ka amince da tsarin da mijin ƙanwarka ya kawo a yadda ya kawo shi. Ban ce ka fasa tunanin imtiyazi gaba ɗaya ba, domin hanya ce halastacciya wadda ta amfani mutane, amma riyal 45,000 da ka gani a talla kuɗin ƙofa ne kawai, kuma ba a auna arahar irin wannan kasuwanci da kuɗin ƙofa.

Maganar kafin alƙalami ita ce ta fi gaggawa, kuma doka tana bayanka a kanta. Saudiyya tana da dokar imtiyazin kasuwanci wadda aka fitar a 2019, ta fara aiki a watan Afrilun 2020. Dokar ta wajabta wa duk mai ba da imtiyazi ya miƙa wa mai son karɓa takardar bayyana halin kamfani, wadda ake kira Wasiƙatul Ifsah, aƙalla kwana 14 kafin a sa hannu a yarjejeniya ko kafin a karɓi ko da riyal ɗaya dangane da imtiyazin, duk wanda ya riga zuwa cikin biyun. A wasiƙarka ba ka ambaci cewa an ba ka wannan takarda ba. Idan ba a ba ka ba, to wanda ya nemi ka ajiye kuɗi a wannan makon yana neman ka taimaka masa ya tsallake doka tun kafin ku fara hulɗa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin mutanen da za ka zauna da su shekara biyar. Tarar saɓa wa dokar tana iya kaiwa riyal 500,000, saboda haka kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya wasa da ita. Shi kuwa "wani zai riga ka" tsohon salon dillalai ne, kuma kamfanin da ba zai iya jiran kwana 14 ba saboda kai, ba zai jira ka ba ranar da kuɗin wata ya gagare ka.

Idan takardar ta zo hannunka, kada ka karanta ta a ofishinsu ana zuba maka gahawa. Ka kai ta gida. A cikinta ne ake bayyana su wane ne masu kamfanin, ko suna da shari'o'i a kotu, ko sun taɓa yin fatara, nawa ne dukan kuɗaɗen da za ka biya su, nawa ne kiyasin jarin farko, da kuma bayanin rassan da ke aiki da sunan. Akwai wani sharaɗi da ya shafe ka kai tsaye: idan mai ba da imtiyazi ya kawo maka alƙaluman ciniki, na baya ko na hasashe, dole ne ya sanya su a cikin wannan takarda. Saboda haka alkawarin nan na mai da jari cikin shekara ɗaya da rabi, ka duba ko yana rubuce, kuma a kan wane lissafi aka gina shi. In ka tarar a baki kawai aka faɗa maka, ka nemi a rubuta, sannan ka lura da fuskar wanda ka nema a wurinsa.

Dokar ta kuma hana a tallata imtiyazi sai an riga an gudanar da kasuwancin a kan wannan tsari na aƙalla shekara ɗaya, ta hannun mutum biyu ko a wurare biyu daban-daban. Ka tambaye su adireshin waɗannan wuraren da ranar da aka buɗe su. Ka bincika a rumbun Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Saudiyya ko tambarin da za su ba ka haya rajistarsa tana nan da sunansu, domin ana samun masu sayar da suna wanda su kansu ba su mallake shi ba. Sannan ka kula da yadda aka tsara yarjejeniyar. Dokar ba ta shafi yarjejeniyar da ta tsaya a kan sayen kaya kawai ko izinin amfani da tambari kawai ba, don haka idan a talla an ce imtiyazi, a takarda kuma aka rubuta wani abu daban, to wataƙila ana son a fitar da kai ne daga inuwar dokar. Yarjejeniyar imtiyazi ta gaske ana rubuta ta da Larabci, ko a haɗa ta da fassarar da aka tantance, kuma kamfanin ne zai yi mata rajista a Ma'aikatar Kasuwanci cikin kwana 90 da sa hannu.

To, mu ce duk wannan ya tafi daidai. Sauran tambayar ita ce me kake saye da riyal 45,000 da kuma kashi 8 na cinikinka kowane wata. Mai karɓar imtiyazi yana biyan kuɗi ne don abu biyu, wato suna wanda ke jawo mai saye tun ranar farko, da tsarin aiki wanda aka riga aka gwada. Albaik, gidan soyayyar kaza wanda ya fara da kanti ɗaya a Jidda a 1974, ko a ina ya buɗe sai ka ga layi kafin fentin bango ya bushe, kuma irin wannan suna ne ya cancanci a biya masa haya. Amma manyan sunaye ba sa zuwa da araha, wasu ma ba sa ba wa ƙananan 'yan kasuwa ko kaɗan. Galibin masu araha sunaye ne da ba su riga sun kafu ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka yi gwaji mai sauƙi: ka ambaci sunan kamfanin nan ga matasan gidanku da na Shari' Mansur, waɗanda su ne masu shan irin wannan gahawa, ka ji ko sun san shi ba tare da ka nuna masu hoto ba. Idan ba su san shi ba, to kai ne za ka gina sunan a Makka da kuɗinka da guminka, kana kuma biyan mai shi lada kowane wata, kamar wanda ya karɓi hayar kango ya gyara shi, sannan mai gida ya ƙara masa kuɗin haya saboda gidan ya yi kyau.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ita ce daga ina kamfanin yake samun kuɗinsa. Kamfanin da rassansa na kansa ke kawo riba yana da dalilin kare ingancin suna. Wanda kuwa abincinsa yake fitowa daga kuɗin shigar sabbin mutane, da ribar kofuna da gahawa da kayan ado da yake tilasta masu saya, ba ya asara idan kantinka ya mutu, domin ya riga ya ci nasa a watan farko. Ka nemi jerin farashin kayan da za su riƙa sayar maka, ka ɗauki kofi ɗaya na takarda mai tambarinsu da murfinsa, ka kai shi wurin masu sayar da sari ka ji nawa irinsa yake ba tambari. Bambancin da ka gani, ka ninka shi da kofunan da za ka sayar a shekara biyar. Sau da yawa wannan ɓoyayyen kason ya fi kashi 6 da aka faɗa maka a fili.

Yanzu ga lissafi. Alƙaluman da zan kawo misali ne don ka ga hanyar, kai ne za ka maye gurbinsu da na gaske. A ce kofi ɗaya riyal 12 ne. A cikinsa akwai dariba, harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020, wanda in ka cire shi saura kusan riyal 10.43. Kashi 8 na kamfani zai ɗauke kusan halala 83 (halala 100 ce riyal ɗaya). A ce gahawa da madara da sukari da kofi da murfi sun ci riyal 4. Abin da ya rage maka a kofi ɗaya kusan riyal 5.6 ne. A ɗaya gefen, a ce hayar wuri riyal 5,000 ce a wata, ma'aikata biyu da albashinsu da masaukinsu da inshorar lafiya da kuɗin izinin aiki sun ci 7,000, wuta da ruwa da intanet da gyaran inji 2,000, kai kuma kana buƙatar 6,000 don cefanen gida, tunda ba ka da albashi yanzu. Jimla 20,000. Kafin ka haɗa wannan sai ka sayar da kofi kusan 3,570 a wata, wato kusan 119 a kowace rana ta Allah, kuma har a nan ba a fara mai da ko riyal ɗaya na jarinka ba. Kada wani ya ce maka ƙaramin kanti ba ya biyan dariba. Rajistar dariba tana wajaba idan cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, kuma a wannan misali cinikinka ya haura 440,000, ma'ana duk ranar da kantin ya fara ciyar da kai to ya riga ya shiga hannun Hukumar Zakka da Haraji da Kwastan. Idan kuma rabin cinikin ta manhajojin kai saƙo zai zo, irin su HungerStation da Jahez, to sai ka cire nasu kason shi ma.

Wannan na wata-wata ne. Kafin a buɗe ƙofa akwai kayan ado da allon suna, waɗanda galibi ɗan kwangilar kamfani ne zai yi a farashin da ba ka da ta cewa a kai, akwai injin gahawa da na niƙa da firiji da na'urar fitar da rasit na lantarki, akwai hayar wata shida ko ta shekara da masu gine-gine suka saba karɓa gaba ɗaya a yarjejeniyar da ake yi wa rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta haya, akwai sijilin kasuwanci, wato rajistarsa, da lasisin baladiyya, wato hukumar birni, da na Difa'ul Madani, masu kula da gobara da haɗurra, da shaidar lafiyar ma'aikata. Ba zan yi mamaki ba idan 45,000 ta zama ninki uku ko huɗu kafin a zuba kofi na farko. Idan haka ta faru, dukan 150,000 sun shige bango da inji, ba ka da abin riƙe kantin a watannin farko da ciniki bai kankama ba, kuma a nan ne yawancin ƙananan kantuna suke shaƙewa. Ra'ayina shi ne duk kasuwancin da zai cinye fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ka mallaka kafin a buɗe shi, ya fi ƙarfinka a yanzu, ko da kuwa mai kyau ne.

Lambar nan ta 119 ba a ofis ake tabbatar da ita ba. Ka je wani reshensu da ya daɗe, ka sami wurin zama nesa kaɗan, ka ƙirga masu saye da idonka daga la'asar zuwa bayan isha a ranar aiki, ka sake komawa da safe, ka kuma je ranar Juma'a. Sannan ka yi irin wannan ƙirga ta masu wucewa a wurin da suke son ba ka. Ka fi ni sanin cewa kasuwar Makka ba ta tafiya bai ɗaya. Kantin da ke kan hanyar alhazai da masu Umara yana da watannin cika da na fayau, wanda ke cikin unguwa kuma yana bin lokacin makaranta da hutu, kuma a Ramadan rana gaba ɗaya a rufe kake sai bayan magariba. Alƙaluman da aka ɗauko daga wani reshe a bakin teku a Jidda ba su da abin da za su gaya maka game da Rusaifa.

Mafi amfani cikin binciken shi ne zama da waɗanda suka riga ka karɓar wannan imtiyazi, kuma ba wanda kamfani ya zaɓa maka ba. Ka nemi mai reshen da kansa, ka tambaye shi nawa ya kashe kafin buɗewa idan an kwatanta da abin da aka faɗa masa, sau nawa aka ƙara farashin kaya, wa ke zuwa idan inji ya lalace, kuma kashi 2 na talla ya taɓa ganin amfaninsa a ƙofar kantinsa. In akwai wanda ya rufe ko ya sayar, shi ya fi cancanta ka nema, ko da zai ɗauke ka mako guda.

A yarjejeniyar kanta, lauya ne zai karanta maka, kuma kuɗinsa shi ne mafi albarka cikin abin da za ka kashe. Ka ce ya duba ko an keɓe maka yanki, ko kuwa suna da damar buɗe wa wani a titin bayanka. Ya duba ko akwai mafi ƙarancin kuɗin da za ka biya su a wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da abin da zai hau kanka idan ka rufe kafin shekara biyar, da sharuɗɗan sayar wa wani. Sabunta yarjejeniyar a doka tana buƙatar ka rubuta masu aƙalla kwana 180 kafin wa'adi ya ƙare, sai dai in yarjejeniyar ta tsara wani abu daban. Fiye da komai, ka yi hattara da sanad li amr, takardar alkawarin biyan kuɗi da wasu ke turo wa mutum ta manhajar Nafith ya danna amincewa a waya. Wannan takarda kai tsaye take zuwa kotun zartarwa ba tare da doguwar shari'a ba, kuma wanda ya amince da ita a kan kuɗin shekara biyar ya ɗaure kansa ko kantin yana raye ko ya mutu.

Batun mijin ƙanwarka ya fi duk waɗannan nauyi. Na yarda da kyakkyawar niyyarsa, kuma na san yadda lamarin yake a gidajenmu na Makka da Jidda da Madina, inda a tsatso ɗaya wani yana da takardar ƙasa wani yana da iƙama alhali duk a unguwa ɗaya aka haife su. Amma abin da ya bayyana, wato takardu da sunanka, shi da jarinsa da ikon kantin, riba a raba, shi ne abin da doka take kira tasattur. Sabuwar dokar yaƙi da shi ta fito a 2020, ta fara aiki a 2021, kuma hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan 5, tare da rufe kasuwancin da ƙwace abin da aka samu ta hanyarsa. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ana fitar da shi daga ƙasar. Ka tsaya a kan wannan na ƙarshen, domin ƙanwarka da 'ya'yanta ne za su ɗauke shi. A yau da kusan kowane ciniki yake bi ta kati da rasit na lantarki, ɓoye inda kuɗi suke tafiya ya yi wuya ƙwarai. Ko da hukuma ba ta taɓa lura ba, ranar da kantin ya yi asara bashin haya da na kamfani da na ma'aikata duk a wuyanka suke kai kaɗai, shi kuma ba shi da takardar da zai nemi 50,000 ɗinsa da ita, sai dai a yi ta a zauren gida, zumunci ya lalace.

Hanyoyin halal a nan ba su da yawa. Yana iya zama ma'aikacinka na gaske, a mai da iƙamarsa kan kasuwancinka da sana'ar da ta dace, da kwangila a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago da albashi bayyananne, asusun banki da yanke hukunci kuma su tsaya a hannunka, tare da kiyaye adadin 'yan ƙasa da tsarin Nitaqat ya gindaya. Kuɗinsa kuwa, ko dai ya riƙe abinsa, ko ya ba ka rance a rubuce ba tare da wani kaso na riba ba, tunda rancen da ya jawo amfani malamai sun yi magana a kansa. Tarayya ta gaske da wanda ba ɗan ƙasa ba ta Ma'aikatar Zuba Jari take bi, kuma sharuɗɗanta sun fi ƙarfin ƙaramin kantin gahawa. Na fi son ka tsara abin da kuɗinka kaɗai za su iya ɗauka.

Ka tambaya ko akwai wanda ya fi wannan. Ba zan ambaci sunan kamfani ba, domin sharuɗɗa suna canzawa, amma masu ƙaramin jari galibi suna cikin rumfunan gahawa da lemo da kayan zaƙi, da wankin tufafi, da wankin mota na tafi-da-gidanka, da gyaran waya, da share-share da gyaran gidaje. Gahawa ita ce ta fi cunkoso, kai ma kana ganin yadda kantunanta suke jere a kowane babban titi. Mutumin da ya yi shekaru a otal a Makka yana da abin da mai tallar Snapchat ba shi da shi, wato ya san masu kula da otal-otal da gidajen saukar baƙi, ya san lokacin da zannuwan gado da tawul suke taruwa, ya san wanda ke sa hannu a kan oda. Da ni ne, wajen wanki da share-share zan fara dubawa, kuma a can zan tambayi kaina ko ina ma buƙatar sunan wani, tunda abokan cinikin kai suka sani. Imtiyazi yana da amfani ne a inda ba ka san sana'ar ba kuma sunan yana kawo mutane. Inda kai ne mai kawo mutanen, kashi 8 na kowane wata kyauta ce kake yi.

A matsayinka na ɗan ƙasa akwai ƙofofin da ba sa buƙatar dillali. Hukumar Monsha'at, wadda aka kafa a 2016 don ƙanana da matsakaitan kasuwanci, tana da cibiya ta musamman kan imtiyazi, tana kuma da cibiyar tallafi a Jidda inda ake ba da shawarar masana, zuwa can kuma ba wuya, tunda ga tashar jirgin ƙasa ta Haramain a unguwarku. Bankin Tanmiyatul Ijtima'iyya ma yana da rance na masu karɓar imtiyazi. Ka je neman shawara da jerin kamfanonin da aka sani tukuna, rance kuwa ka bar shi sai lissafin kofunan nan ya tsaya da ƙafarsa, domin bashi ba ya gyara kasuwancin da lambobinsa ba su haɗu ba.

Game da maiɗakinka, ka zauna da ita da takarda da alƙalami ku yi lissafin tare, ku fara da ware kuɗin gida na aƙalla wata shida a asusun da kantin ba zai taɓa ba, abin da ya rage shi ne jarinka na gaske. Su kuma mutanen Jidda, ka aika masu saƙo a rubuce yau cewa kana jiran Wasiƙatul Ifsah, da kwafin yarjejeniyar, da lambar rajistar tambarin, da jerin farashin kaya, da adireshin dukan rassan da aka buɗe da waɗanda aka rufe, kuma ba za ka biya komai ba sai bayan kwana 14 da karɓarsu. Ka adana saƙon da ranar da suka amsa, domin lauyanka zai buƙace su.